Facebook, taswira ko shafin kanka: ina za ka zuba kuɗinka don na'ura ta ambaci sunanka?

Ranar wata Alhamis, bayan kasuwa ta fara watsewa, na biya ta zauren wani dattijon baduku a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wanda na daɗe ina sayen alabe da takalma a hannunsa. Na iske shi ya shimfiɗa jar fata yana yanka, ɗansa na gefe riƙe da salula, fuska a murtuke. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba yaron ya ce, "Yawwa Yaya, gara da Allah ya kawo ka. Zo ka raba mana gardama."

Abu biyu ne suka haɗu musu a sati guda. Wata mai sarin jakunkunansu a Yamai ta gaya wa yaron cewa ta tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira inda za ta sami jakar fata ta Damagaram. Manhajar ta zuba mata bayani cewa garin ya shahara da dukanci, amma ko sunan mutum ɗaya ba ta kama ba. Ana cikin haka sai wani ya kira shi ya ce in an ba shi jika 300 zai "shigar da su cikin ChatGPT", ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji. Yaron na son a biya. Dattijon ya ce wannan cinikin biri a sama ne. Ya juyo ya dube ni: "Kai da ka san harkar kwamfuta, abin nan da ake tambaya yana amsawa, yaya yake yi ya san mutum?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri da ni, maganar da ɗan tsawo."

Abin da na gaya musu ranar shi ne nake so in shimfiɗa nan, domin tambayar ba tasu ba ce su kaɗai. Mai masauki, mai makaranta, mai kilishi, ƙungiyar mata masu man gyaɗa a Matamaye, duk wanda ke da ɗan kuɗi ƙalilan da zai kashe don a san da shi, wannan zaɓin na gabansa.

Sai an fahimci yadda na'urar ke samun amsa kafin a san inda za a zuba kuɗi. Hanya biyu gare ta. Ta farko hadda ce: an tara mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa ta koya, aka rufe littafin a wata rana. Abin da ya shiga ya shiga, kuma babu wani tebur da ake zuwa a biya a ƙara suna. Ta biyu ita ce bincike nan take. ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya fitar ranar 30 ga Nuwamba 2022, ya samu sashensa na bincike a ƙarshen Oktoba 2024. Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar na'ura a saman sakamakon bincike a Amurka a watan Mayu 2024, ya faɗaɗa ta zuwa ƙasashe fiye da 100 a Oktoban shekarar. Copilot na Microsoft yana dogara da Bing, injin binciken kamfanin, Perplexity kuma tun asali aikinta ke nan. Idan aka yi tambaya, manhajar kan tsattsaga ta zuwa ƙananan tambayoyi, ta buɗe shafuka kaɗan, ta tsinci jimlolin da suka amsa, ta harhaɗa su, ta nuna inda ta ɗauko. A wannan hanya ta biyun ce ɗan kasuwar Damagaram ke da ta cewa. Kuma sharaɗinta a fili yake: sai akwai rubutu, a wurin da ƙofa ke buɗe, wanda ya amsa tambayar kai tsaye.

To, mu auna hanyoyi huɗu da ɗan kasuwa zai bi don a san da shi da wannan ma'auni.

Wadda kowa ya riga ya riƙe ita ce Facebook da TikTok da WhatsApp. Ba zan raina ta ba, don nan ne kuɗi ke shigowa yau. Yaron nan yana ɗora hoton jaka da safe, kafin azahar an turo masa saƙon murya ana tambayar farashi, a biya ta Nita ko Amana, a sa kaya a mota. Ba a biyan kowa kuɗin gini, kuma mai saye yana ganin fuska yana jin murya, abin da ke sa Bahaushe ya saki jiki. Amma ta fuskar na'ura mai amsa tambaya, kusan duk wannan hada-hadar a cikin ɗaki ake yin ta. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, injin bincike ba ya ganinsu. Abin da aka ɗora a matsayin sanarwar yini yana ɓacewa bayan awa 24. Shafin Facebook na kasuwanci wanda aka bari a buɗe yana iya fitowa a bincike, sai dai me ke cikinsa? Hoto, da "sabon kaya ya iso", da lambar waya. Farashin yana cikin hoto ko cikin murya, girman jakar ba a faɗa ba, sunan garin ma wani lokaci babu. Ko na'urar ta iso ba ta da abin ɗauka. Ga shi kuma gidan haya ne: ranar da aka sace maka asusu ko aka rufe shi, aikin shekaru ya tafi.

Ta biyu ita ce taswira, wato rajistar wurin sana'a a Google. Kyauta ce, kuma ga mutane da yawa ita kaɗai ta wadatar. Suna, irin sana'a, lokacin buɗewa da rufewa, lambar waya, hotuna, da ra'ayin waɗanda suka zo. Duk tambayar da ta ƙunshi "kusa da ni" ko "wane ne a buɗe yanzu" daga irin wannan bayani ake amsa ta. Matsalarmu a nan adireshi ne, tunda mu da kwatance muke gane wuri: bayan fadar Sarki, daura da masallaci, kafin a kai Kasuwar Dole. Maganinta a tsaya a ƙofar shagon a dasa alamar daidai, a rubuta kwatancen da kalmomi, a kuma kwafi gajeriyar lambar wuri da taswirar ke bayarwa. Mai gyaran babur, mai gidan abinci, mai sayar da magani, in ka tambaye ni, ka yi wannan da kyau, ka riƙa gyara lokutan aiki in azumi ya zo, ka ajiye sauran kuɗinka. Wanda zai zo wurinka yana cikin gari, ba ya neman tarihi.

Baduku kuwa lamarinsa daban, haka mai masauki da makaranta da duk wanda mai sayensa ke nesa, a Yamai ko Agadas ko Kano ko Faransa. Mai saye daga nesa tambayoyi gare shi kafin ya saki kuɗi, kuma tambayoyin nan su ne yanzu yake kai wa na'ura. Nan ne hanya ta uku ta shigo, shafin intanet na kanka, kuma a kanta zan daɗe, don yawancin waɗanda suka gwada ta ba daidai suka yi ta ba.

Na ga shafuka da dama da aka gina wa ƴan kasuwarmu. Hoto babba yana juyawa, kiɗa, "barka da zuwa, mu ne na ɗaya wajen inganci", shi ke nan. An kashe kuɗin a kwalliya. Irin wannan shafi kafin ya buɗe a salula, ranar da rezo ya yi rauni, mai dubawa ya gaji ya fita, alhali Google da siffar salula yake auna shafuka, aikin da ya ce ya kammala komawa kansa a 2023. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin ƴan aiken, wato ƙananan manhajojin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke turowa su karanta shafuka, ba sa jiran JavaScript, tsarin da ke ƙarasa haɗa shafi bayan an buɗe shi, ya gama zana shafi. Abin da suka iske a rubuce tun farko shi suke ɗauka. In rubutunka sai an latsa nan an jira can kafin ya bayyana, sun zo sun iske fili.

Shafin da ke aiki ya fi wannan araha. Shafi biyar ko shida marasa nauyi, kowanne da tambayar da yake amsawa, amsar kuma a layin farko. Na ce wa yaron ya buɗe WhatsApp ɗinsa ya karanto mini tambayoyin da aka fi yi masa. Cikin minti goma muka tara su: Fatar akuya ce ko ta tunkiya? Jan yana zuba in ruwa ya taɓa shi? Kwamfuta tana shiga jakar? Kwana nawa kafin ta iso Yamai? In na sari ashirin nawa za a bar mini? Sai na juya ga dattijon na ce, "Baba, yaya ake gane fatar da aka jeme da bagaruwa?" Ya ajiye wuƙa, ya ɗauko guntu biyu, ya miƙo mini ɗaya ya ce in shinshina, ya lanƙwasa ɗayan ya nuna mini yadda ba ya tsagewa a gindin lanƙwasar. Ya yi bayanin karan dafi da yadda ake fitar da ja daga gare shi, da dalilin da ya sa fatar jar akuya ta fi karɓar ɗinki. Minti biyar yana magana. Na ce wa yaron, abin da Baba ya faɗa yanzu shi ne dukiyarku, rubuta shi yadda ya faɗe shi.

Dalilina shi ne, abin da aka rubuta game da Damagaram a intanet kaɗan ne, kuma yawancinsa maimaici ne: ta taɓa zama babban birnin Nijar har zuwa 1926, akwai fadar Sarki, akwai Birni da Zango, akwai matatar mai ta SORAZ. Mai sayar da jaka a Paris yana kokawa da dubban shafuka kafin a gan shi. Baduku a Birni da ya rubuta shafi ɗaya mai ma'ana kan jima da rini da farashi, da wuya ya sami abokin takara. Ƙarancin da ke sa na'ura ta kasa kama sunan kowa shi ne kuma damar wanda ya riga rubutawa.

Akwai bincike da ya goyi bayan irin wannan rubutu. A Nuwamba 2023 wasu masana, ciki har da na jami'ar Princeton da ta IIT Delhi, suka fitar da takardar da ta yaɗa sunan GEO, wato gyaran shafi domin injunan da ke haɗa amsa. Sun gwada dabaru iri-iri, suka iske ƙara alƙaluma, da faɗin inda aka samo magana, da kawo kalaman wanda ya san abin, na iya ɗaga fitowar shafi cikin amsa har da kusan kashi 40 cikin 100 a gwajinsu. Cusa kalma ɗaya ana ta maimaitawa, tsohuwar dabarar masu SEO, wato gyaran shafi don ya hau sama a sakamakon bincike, ba ta taimaka ba. Da Ingilishi aka yi gwajin, don haka ba na ɗaukar lambar in ɗora wa Hausa. Darasin dai ya zauna: "jaka mai kyau da inganci" ba ta ba na'ura komai, amma "faɗinta santimita 38, fatar akuya, jimar bagaruwa, ɗinkin hannu na kwana 4" jimla ce da za a iya ɗauka a kai wa mai tambaya.

Nauyin wannan hanya shi ne ba a gama ta. Sunan shafi da masaukinsa duk shekara ake sabunta kuɗinsu, kuma na sha ganin shafi ya mutu don wanda ya gina shi da sunansa ya yi rajista, ya bar gari, aka rasa mabuɗi. Ka tabbata da sunanka da lambarka aka yi. Farashi in ya canza a gyara, a sa ranar gyaran, don tsohon farashi a bakin na'ura rigima ce za ta same ka har zaure. Sannan ba a ganin amfaninsa a sati biyu.

Saura ta huɗu, ta mai jika 300. Ba duk mai sayar da wannan aiki ne macuci ba, amma a tambaye shi me zai yi da hannunsa. In ya ce zai sa fayil ɗin llms.txt, mai taƙaita wa na'ura abin da ke cikin shafi, to shawara ce da wani masani mai suna Jeremy Howard ya kawo a Satumba 2024, aikin minti kaɗan ne, kuma Google ya faɗa a bayaninsa ga masu shafuka cewa ba a buƙatar wani fayil ko wata alama ta musamman kafin shafi ya fito a amsoshinsa na na'ura, sharaɗin dai shafin ya shiga rumbun bincike kamar kowane. In ya ce zai sa alamomin schema.org, wannan abu ne mai amfani, tsari ne da Google da Bing da Yahoo suka kafa tun 2011 don a nuna wa injin cewa wannan suna ne, wannan farashi, wannan lokacin buɗewa. Sai dai kowane maginin kirki yana haɗa shi cikin aikin gini. In ya ce zai sa na'ura ta rubuta maka maƙala ɗari, ka guje shi: abin da na'ura ta riga ta sani za ta amayo, ba abin da Baba ya sani ba. In kuwa ya yi rantsuwa cewa sunanka zai fito na farko, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa, domin tambaya ɗaya in an yi ta sau biyu tana iya zuwa da amsa biyu.

Wanda ya zaɓi shafin kansa, wasu zaɓuɓɓuka biyu na jiransa a ciki. Na farko harshe. Faransanci ne zai kawo mai sari daga Yamai da ma'aikatan ƙungiyoyi da baƙi, kuma na'urorin sun fi ƙwarewa a cikinsa. Hausa kuwa ita ce ta Maraɗi da Kano da Katsina da Daura, ita ce kuma dokar da aka fitar a ƙarshen Maris 2025 ta ɗaga zuwa harshen ƙasa a Nijar. Ni dai ina ganin a yi duka biyun, kowane harshe da shafinsa daban, kada a cakuɗa su a layi ɗaya. In ƙarfi bai kai ba, a duba harshen da masu saye na nesa ke turo saƙo da shi a fara da wannan. Kuma Hausar a rubuta ta da hannu. Google Translate ya san Hausa tun 2013, amma ba shi zai gaya maka bambancin alabe da zabira ba. Wani ƙaramin abu mai muhimmanci: garinmu suna biyu gare shi. Bafaranshe Zinder zai rubuta, Bakano Damagaram. A sa su duka a shafin farko, sunan shago kuma a rubuta shi iri ɗaya a taswira da Facebook da shafi, harafi da harafi, don na'ura ta gane mutum ɗaya ne.

Na biyu, a buɗe wa ƴan aiken ƙofa ko a rufe? Akwai ɗan fayil mai suna robots.txt, tun 1994 ake amfani da shi, inda mai shafi ke faɗin wanda ya yarda ya shigo. OpenAI yana da GPTBot mai tara rubutun koyo, da OAI-SearchBot mai kawo shafi cikin bincike, kuma ana iya hana na farko a bar na biyu. Google-Extended, da aka fito da shi a 2023, ya shafi amfani da rubutunka a Gemini ne, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta Google, rufe shi ba ya cire ka daga binciken Google. Gidan jarida ko marubucin da rubutun ne hajarsa yana da hujjar rufewa. Baduku jaka yake sayarwa, rubutun talla ne, to ya buɗe. A kuma bincika ko an rufe ba da saninka ba, don tun Yuli 2025 kamfanin Cloudflare, wanda shafuka da yawa ke fakewa bayansa, ya mai da tare irin waɗannan ƴan aike abin farawa ga sababbin shafuka.

Kada kuma a sa rai da tururuwar baƙi. Cibiyar Pew ta bi sawun binciken Amurkawa 900 a watan Maris 2025, ta iske inda amsar na'ura ta fito, kashi 8 cikin 100 ne kawai na ziyarar ake latsa wani sakamako, inda ba ta fito ba kashi 15, latsa majiyar da ke cikin amsar kanta kuwa kashi 1. Ga mai rayuwa da tallan shafi wannan mummunan labari ne. Ga mai kaya ba haka ba ne sosai, muddin sunansa da garinsa da yadda za a same shi sun fito cikin amsar. Shi ya sa nake cewa a saka sunan shago cikin jimlolin bayani kansu, kada a bar shi a hoton tambari kawai. Don a san ko ana ci gaba, a yi rajista a Google Search Console da Bing Webmaster Tools, masu nuna yadda shafinka ke fitowa a bincike, duka kyauta ne, a ware tambayoyi goma a riƙa yi wa manhajoji biyu ko uku duk farkon wata da Hausa da Faransanci ana rubuta abin da suka ce. Wanda ya fi duka sauƙi, duk sabon mai saye a tambaye shi, "A ina kuka ji labarinmu?"

Wani abu da ba a saye da kuɗi shi ne wasu su ambace ka. Na'ura ta fi sakin jiki da sunan da ta gani a wuri fiye da ɗaya: rahoton gidan rediyo da aka rubuta a shafinsa, jerin mahalarta baje koli, aikin ɗalibin jami'ar André Salifou da ya zo ya yi tambayoyi kan dukanci, ra'ayin mai saye a taswira. In ɗan jarida ko ɗalibi ya zo zaure, a karɓe shi da kyau, a roƙe shi ya rubuta sunan daidai.

A zauren nan dai ba a biya jika 300 ba. Yaron ya dasa alamar shago a taswira a daren, yana tsaye a bakin ƙofa. Facebook da WhatsApp suna nan yadda suke, sai dai yanzu duk hoton da ya ɗora yana rubuta girma da irin fata da farashi a ƙarƙashinsa. Sun ware abin da bai kai rabin kuɗin can ba don shafi mai fuska shida, uku Hausa uku Faransanci. Da na koma bayan sati biyu na iske yaron da littafin makaranta a gwiwa, ya cika shafi huɗu, dattijon na gaya masa yadda ake jiƙa bagaruwa. Ya karanta masa abin da ya rubuta, dattijon ya girgiza kai ya ce, "A'a, ba haka na ce ba. Goge, kwana nawa fatar ke yi a ruwa ya danganta da sanyi ko zafi. Rubuta duka biyun."